Saitin Tsakar Rana

A sito kowa Baba Saiti yake ce masa, har waɗanda suka girme shi. Shekararsa goma sha ɗaya yana kula da wata na'ura a saman rufin siton, wadda ba ta fi ƙaramin akwati girma ba, tana zaune a kan turken ƙarfe ta zuba ido ɗaya tsallaken kogi. Can a tsallaken, a saman bene mai hawa bakwai inda babban ofishin kamfanin yake, akwai 'yar'uwarta tana kallonta. Tsakaninsu kilomita ɗaya da rabi, babu kebul babu igiya, sai hasken leza siriri wanda idon mutum ba ya gani. A cikin hasken nan duk takardun kamfanin ke kai da kawowa: wace mota ta shigo, wane kaya aka sauke, wanne za a loda. Da farko an so a haƙa ƙasa a binne kebul, hukuma ta hana saboda gada da layin dogo, shi ya sa aka koma ga haske.

Hasken nan kuwa ɗan lele ne, abu kaɗan ke ɓata masa rai. Direbobi sun ɗauka ruwan sama ne babban abokin gabarsa, da hadari ya haɗu sai su fara tsokana, wai yau fitilar Baba za ta jiƙe. Shi dai murmushi yake yi, don ya san ko kamar da bakin ƙwarya ake ruwan, hasken yana ratsawa tsakanin ɗigo da ɗigo, iyaka ya ɗan raunana. Abin da ke kashe shi murus shi ne hazon nan mai laima da ke tasowa daga kogi da sassafe, fari fat. In ya shiga cikinsa sai ya watse, ko tsakiyar kogin ba ya kaiwa. Sai kuma zafin rana. Da tsakar rana rufin kwanon gidajen bakin kogi yakan yi ta tiriri, iskar samansu ta riƙa rawa, hasken ma ya bi ta yana rawa. Shi kansa turken ƙarfen, in rana ta gasa masa gefe ɗaya, yakan ɗan karkata, karkatar da ba ta kai kaurin gashi ba, amma kafin hasken ya isa tsallake ta zama kamu biyu.

A bayan na'urar akwai ɗan gilashi mai nuna lamba, daga sifili zuwa dubu. In lambar ta haura ɗari huɗu, aiki na tafiya. Da sanyin safiya takan kai ɗari takwas, da tsakar rana ta sauko ɗari shida, da yamma ta koma inda take. Dokar sana'ar guda ce, kuma duk wanda ya zauna da Baba minti biyar ya ji ta: ba a saiti da tsakar rana. In ka ga lambar ta sauka a cikin zafi ka juya noti ka bi ta, za ta tashi ka ji daɗi, amma da ƙarfen ya huce ya miƙe cikin dare, hasken zai wayi gari yana kallon bango.

Mai kula da ɗaya na'urar, wadda ke saman babban ofis, 'yarsa ce tilo. Tun tana 'yar shekara bakwai da ta kwance masa rediyo ta jera notinan a kan tabarma yake ce mata Injiniya, sunan ya bi ta har ta je ta karanto abin, ta dawo ta zama injiniyar gaske, kuma shugabarsa a takarda. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, haka mutane ke ce masa, shi kuma ya ce ai wannan 'yar barewar tashi sama take yi. Tana da miji da ɗa ɗaya, gidansu can ƙarshen gari ne, sai an canza mota biyu.

Wata takwas ke nan da rasuwar mai ɗakinsa. Sai bayan da ta tafi ya gane cewa shi da 'yarsa ba su taɓa iya hira ba. Uwar ce ke riƙe waya kullum da yamma, ta jingina da ƙofar kicin tana dariya, shi yana daga kujera yana cewa a gaishe ta, a tambaye ta ko an gyara famfon nan. Duk abin da ya sani game da rayuwar 'yarsa ta bakin uwar ya ji shi. Yanzu in ta kira ranar hutu, sai ta ce, "Baba, ina wuni?" ya ce lafiya lau. Ta ce ya jiki, ya ce da sauƙi. Ya ce ya mutanen gida, ta ce suna gaishe shi. Daga nan sai su tsaya kowa na jin numfashin kowa, har ɗaya ya ji tausayin ɗaya ya ce to sai an jima. Ba faɗa suka yi ba, da ma faɗa ne da an san abin da za a sasanta.

Gidan kuwa ɗaki biyu ne da falo, amma ya yi masa faɗi. Keken ɗinkinta na nan a kusurwa an rufe da zane, da wani hannun riga da ba ta ƙarasa ba a ƙarƙashin allurar. In ya dawo aiki yakan dafa shayi a ƙaramar tukunya, ya ci burodi a tsaye, don zama a teburin shi kaɗai ya fi yunwar ciwo. Wata rana ya lissafa, daga tashi aiki ranar Juma'a zuwa safiyar Litinin, kalmomin da suka fita bakinsa ba su wuce na gaisuwar mai shago da ta 'yarsa a waya ba. Kaɗaici ne ke cinsa, kuma ya san sunansa, faɗa ne ba zai iya ba.

Saitin tsakar rana na farko da ya yi dai kuskure ne tsakani da Allah. Wata Talata ya hau rufin da azahar don goge gilashin, hankalinsa na wani wuri, ya ga lambar a ɗari biyar da tamanin, hannunsa ya kai ga sifana kafin kansa ya farga. Ya juya kwata, lambar ta haura ɗari bakwai da hamsin. Sai da ya sauko tsani ya tuna ƙarfe nawa, ya ce a ransa tsufa ya zo, gobe da sassafe zai gyara.

Washegari bai kai ga hawa ba wayarsa ta yi ƙara.

"Baba, layin ya faɗi. Ɗari biyu da goma nake gani a nan, kuma sama garau take. Kana kusa?"

"Ga ni a gindin tsani, Injiniya."

Saiti aikin mutum biyu ne. Wannan ya juya nasa notin, wancan ya karanta masa lambar da ke gabansa, sannan a jira kamar minti ɗaya lambar ta zauna kafin a sake taɓawa. Ba a gaggawa, don juyi ɗaya na ganganci sai ya ɓatar da hasken gaba ɗaya.

"Ɗari uku da ashirin," ta ce. "Ƙara dama kaɗan."

"Na ƙara."

"To bari ta zauna."

Suka yi shiru, amma wannan shirun yana da dalili, ba mai nauyi ba ne. Can sai ta yi 'yar dariya.

"Ka san jikanka ya ce ya daina zuwa makaranta sai an sayo masa takalmi mai fitila?"

"Ki ce wa wannan malalacin in ya isa ya zo ya karɓi nawa. Su ma suna walƙiya in na goge."

"Zan faɗa masa. Ɗari huɗu da sittin. Yanzu sama, rabin kwata."

Minti arba'in suka yi. A tsakanin lamba da lamba ya ji cewa mijinta ya canza wurin aiki, maƙwabciyarsu ta haifi tagwaye, ita kuma bayanta na ciwo in ta daɗe a zaune. Ya ce ta riƙa sa matashi, uwarta ma haka take yi. Da lambar ta kai ɗari takwas ta ce, "Ya yi, Baba, ɗaure." Ya ɗaure notin, ya sauko, ranar har da waƙa a bakinsa, mai sito yana tambaya ko an ƙara masa girma ne.

Kada mu yi wa mutumin nan ƙarya: na biyun da gangan ya yi. Ya yi kwana shida yana kai-komo da zuciyarsa, a na bakwai ya hau da rana tsaka, ya dubi hagu da dama kamar akwai mai ganinsa ban da tantabaru, ya juya kwata. Daga nan abin ya zama sau biyu a mako, wani lokaci sau uku. Mutumin da ya yi shekaru yana yi wa sababbin ma'aikata huɗuba a kan saitin tsakar rana, shi ne yau yake hawa da sifana a aljihu yana zufa, kunya na cinsa, gobe kuma ya tashi da wuri ya sa riga mai guga kamar mai zuwa biki.

Ya san abin da yake jawowa. In hasken ya faɗi, takardu sukan koma ta wata tsohuwar rediyo da aka ajiye don ko-ta-kwana, mai tafiyar hawainiya. Motoci su yi layi a ƙofar sito, direbobi su yi ta danna oda, mai sito ya riƙa zagaye yana tsaki. Baba yakan ce wa kansa awa ɗaya ce kawai, ba wanda ya taɓa mutuwa don buhu ya yi lattin awa ɗaya. In Injiniya ta tambaye shi me yake gani, sai ya ɗora wa iska laifi, ya ce bana zafi ya yi yawa, ko kuma sababbin rufin da aka yi a bakin kogi ne. Iska ba ta da bakin kare kanta.

A ɗaya daga cikin safiyoyin nan ne, suna jiran lamba ta zauna, ta ce, "Jiya na yi mafarkin Mama. Tana yi min faɗa wai na bar gashina ba gyara."

Ya riƙe turken da hannu ɗaya. "Ni ba ta zo min ba tukuna," ya ce. "Ina jin fushi take, na bar shukokinta sun bushe."

"Ka ba su ruwa mana, Baba."

"Zan ba su. Nawa yanzu?"

"Ɗari shida da biyar."

A ranar, da ya koma gida ya ba su ruwa, biyu daga ciki suka farfaɗo.

Rana dubu ta ɓarawo. Wata Alhamis, wajen ƙarfe ɗaya saura, yana tsugune a bayan na'urar, sifana na kan noti, ya ji tsani yana motsi. Ya ɗauka mai gyaran tankin ruwa ne. Sai ga kan 'yarsa ya ɓullo, takalman ofis a hannu ɗaya, takarda a naɗe a ɗaya hannun. Ta ƙarasa hawowa, ta tsaya tana haki, ta dubi sifanar, ta dube shi. Bai ma yi ƙoƙarin ɓoye ta ba.

"Sannu da aiki, Baba."

"Sannu, Injiniya. Ke da rana haka? Kwanon nan zai ƙona miki ƙafa."

Ta sa takalman, ta zo inuwar tankin ta warware takardar. Zanen lambar ne na wata uku, layi yana hawa yana sauka.

"Na yi sati biyu ina kallon wannan," ta ce. "Na zargi zafi, na zargi rufin mutane, har na rubuta a canza min na'urar ɓangarena. Sai na lura, duk ranar da layin zai faɗi da safe, jiyanta da rana lambar takan yi tsalle ta hau. Dubi nan, da nan, da nan. Zafi yana saukar da lamba a hankali, Baba. Ba ya ɗaga ta cikin minti ɗaya. Hannu ne ke yin haka."

Ya zare sifanar daga kan notin.

"Kai ka koya min. Ina aji uku a jami'a ka ce min wanda ya yi saiti da tsakar rana ya sayi wahalar safiya. Na ce ko mantuwa ce ta fara kama ka, tsoro ya hana ni barci. Shi ya sa ban aiko kowa ba, na zo da kaina."

"Ba mantuwa ba ce."

"To mene ne?"

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, amma wani cibin sai an runtse ido. Ya juya sifanar a hannunsa, ya dubi kogin, inda iska ke ta rawa a saman rufin gidaje.

"In layin na lafiya," ya ce, "ba kya kira."

"Ina kira duk ranar hutu."

"Kina kira."

Ta zauna a kan bututun tankin, ta sa takardar a cinya, ta daɗe tana kallon ƙasa. Da ta ɗago idonta ya yi ja.

"Baba, an buɗe sabon reshe a wani gari, ana neman wanda zai riƙe sashen gaba ɗaya. Sunana ne a sama. Jiya manaja ya kira ni ya ce ta yaya zai ba ni gari guda, alhali haske ɗaya tsakanin gini biyu ya gagare ni. Ya ba ni wata uku."

Wannan bai sani ba. Ya ji kamar an zare masa tsani yana sama. Shi da ya sayar da babur ɗinsa don ta ƙarasa karatu, shi ne yake hawa da rana yana kwance mata aiki da hannunsa.

"Garin da nisa?" ya ce.

"Kwana ɗaya a mota."

"Kina so?"

"Ina so, Baba."

Ya gyaɗa kai. Ya gane lissafin sarai, ba sai an zana masa ba: in hasken ya tsaya daidai, za ta daina kiran safe, in ya tsaya wata uku kuma za ta tafi gaba ɗaya. Ita ma ta san ya gane. Ba ta roƙe shi ba, ba ta kuma ce za ta kai ƙara ba. Ta miƙe ta kaɗe siket ɗinta.

"Ka ci abinci kuwa?"

"Zan ci. Gobe ƙarfe shida ki hau naki rufin. Kafin rana ta taɓa ƙarfen."

Washegari suka yi saitin da bai taɓa yin irinsa ba. Iska a kwance, kogin kamar an shimfiɗa shi. Bai yi gaggawa ba, bai kuma ja lokaci ba, ko da yake zuciyarsa ta so. Ba su yi hira sosai ba, lamba kawai take karantawa yana juyawa. Da ta ce ɗari takwas da saba'in, lambar da ba su taɓa gani ba, ya ɗaure notinan huɗu tamau, ya ɗauko ɗan gwangwanin jan fenti ya ɗiga a kan kowanne, yadda duk wanda ya sake taɓa su fentin zai tsage ya tona shi. Ya ɗauki hotonsu ya tura mata. Ta rubuto, "Na gani, Baba. Na gode."

Hasken ya tsaya kyam. Mai sito ya daina tsaki, direbobi suka koma tsokanar wani. Baba yakan hau da safe ya goge gilashi, ya kori tantabaru, ya rubuta lamba a littafi, ya sauko. Wayarsa tana aljihu, ba ta motsi. Bayan wata uku da 'yan kwanaki takardar sabon muƙamin Injiniya ta fito. Suka zo yi masa sallama da mijin da yaron, aka sha shayi a falo, yaron ya nuna masa takalmi mai fitila yana buga ƙafa a ƙasa. Da za su tafi ta tsaya a bakin ƙofa kamar za ta ce wani abu, sai ta ce ya riƙa shan maganinsa a kan lokaci. Ya ce to.

Sai da aka yi wata biyu da tafiyarta sannan hazo ya sauko. Ya fito da safe ya tarar ko gadar ba a gani, fitilun motoci suna tafe a hankali kamar masu neman wani abu da ya faɗi. Ya hau rufin, rigarsa ta yi laima kafin ya kai sama. Benen tsallake ya ɓace, kogin ya ɓace, duniyar ta rage daga shi sai turken da tankin ruwa.

Waya ta yi ƙara. Muryar namiji ce, sabon injiniyan da aka kawo, mai ladabi.

"Ina kwana, Baba. Layin ya faɗi. Akwai abin da za mu yi daga nan?"

"Babu. Hazo ne. Kada ka taɓa komai, rana na fitowa zai dawo da kansa."

"To madalla, na gode. A huta lafiya."

Ko minti ɗaya ba a yi ba. Ya tsaya da wayar a hannu, ruwa na taruwa a gilashinta. Tun da aka haifi 'yar tasa bai taɓa kiranta haka kawai ba, sai da dalili, sai da saƙo. Ya goge wayar da gefen riga, ya nemo lambarta, ya daɗe yana kallo, sannan ya danna.

Ta ɗauka a bugu na huɗu, da hayaniyar ofis a bayanta.

"Baba? Lafiya? Wani abu ya faru?"

"Lafiya lau." Duk abin da ya shirya ya gudu. Ya nemi ko kalma ɗaya ta uba da 'ya, bai samu ba. "Hazo ne aka yi yau," ya ce. "Mai yawa."

Ya ji kunya ta rufe shi, tsoho da furfura ya kira mai riƙe da gari guda don ya ba ta labarin hazo. Yana shirin cewa sai an jima ya ji ta ce wa wani ya ba ta minti goma, ya ji an rufe ƙofa, hayaniyar ta ɗauke.

"Nawa take nunawa?" ta ce.

Ya sunkuya ya share ɗan gilashin da babban yatsa.

"Sifili."

"To bari mu jira ta tashi. In ta motsa ka karanta min."

Ya jawo bulo ya zauna a gindin turken, wayar a kunne. Can gabas hazon ya fara yin fari-fari, alamar rana na ƙoƙarin fitowa, kuma ya san in ta fito lambar ba za ta ɗauki minti goma ba kafin ta tashi.

"Har yanzu sifili," ya ce. "Ya bayan naki?"